Sambarka, Kaska Ta Gode

Dole a jinjina wa masu binciken cututtukan shanu na ƙasar nan, da hukumomin da ke tsakura musu kuɗin aiki. Tun 1893 Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa cutar nan mai sa saniya zazzaɓi da fitsarin jini. Mu da yake ba a san mu da gaggawa ba, har gobe muna nan muna sake tabbatarwa.

Leƙa mayankar Kakuri da sassafe ka sha kallo. Ga ɗalibi da farar riga da safar hannu, yana tarar jini a 'yar kwalba daga wuyan saniya. Ya ɗaga bindi, ya laluba hantsa, ya ciro kaskar da ta sha ta yi tim, ya jefa cikin ruwan magani. Daga nan sai ɗakin gwaji a Zariya ko Vom. A shafa jinin a gilashi, a rina, a leƙa ta madubin likita, a ga ƙwayar Babesiya mai jawo cutar kwance biyu-biyu cikin jinin. A ƙirga, a fitar da kaso, a buga a mujallar Turanci, oga ya sami ƙarin girma. Ina aikin da ya fi wannan albarka?

Makiyayin da ke hanyar Kaciya kuwa an tausaya masa, ba a ɗora masa nauyin jin sakamako ba. An bar shi da 'yancinsa: ya tsinci kaska da hannu, ya sayi maganin Berenil a kasuwa ya auna da ido, in kirci ya ci fatar shanunsa da damina ya wanke su da maganin feshin gona. Ai ko'ina ba a samun irin wannan sakewa.

Har baƙuwa muka yi. Wata kaska mai jure magani ta biyo shanun Brazil, aka gan ta a Kwaddibuwa a 2007, ta kuma iso Najeriya. Mun karrama ta, mun rubuta sunanta daidai. Kaska raɓi mai jini, ta san inda ba a korar baƙo.

Cibiyar Vom tana nan tun 1924, ilimin kuma akwai shi. Jama'a, wanda aka ɗebi jinin dabbarsa yana da haƙƙin a koma rugarsa a gaya masa, da Hausa ko Fulatanci, abin da aka gani da maganin da zai yi.