Ɗan Taloka a Ikko

Tirela ɗaya ke kwaso saurayin Taloka da albasar Goronyo da tafarnuwar Wurno zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Kafin a gama sauke kaya albasa ta yi daraja, shi kuwa sai ƙura a ido da ciwon baya.

Mutumin da ya tashi kusa da madatsar ruwan Goronyo, yana wanka a gulbin Rima ba ko sisi, yau ga shi yana cizon ledar fiya wata da kuɗinsa. Makwanci kuwa sai wanda ya riga shimfiɗa tabarma. Abu ɗaya ke sa shi dariya: ya ji mutanen Legas na kukan zafi. Wane zafi? Su leƙa Rabah a watan Afrilu mana.

Matsalar tana farawa ne ranar Juma'a. Ya sa shaddarsa guda tilo, ya jingina da motar wani bawan Allah, a ɗauke shi hoto, ya ɗora a Facebook. Kafin magariba waya ta ɗau ruri. Kawu na son takin zamani, ƙane na son waya, sai Inna ta rufe taro: "Kai ɗan nan, ashe Allah ya buɗa? To, rufin ɗaki na zuba."

Ya ce, "Inna, motar ba tawa ba ce."

Ta ce, "Awo, haka masu kuɗi ka cewa."

Samarin Taloka, don Allah ku riƙa ɗaukar hoto kusa da buhun albasa.