Mafarautan Hoto a Yankari

Idan bazara ta kama, ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna suka ƙafe, duk wata dabba mai ƙishirwa a dajin Yankari dole ta gangaro Kogin Gaji. Can masu neman hoton shiga gasa suke tare ta, kowa da halinsa.

Motar farko Alhaji ne a ciki. Bakin kyamararsa ya kai tsawon taɓarya, kuɗinta kuwa ya sayi fili a Bauchi. Yaro ke riƙe masa ita. Garken ɓauna zai zo ya sha ruwa, ya huta, ya koma, Alhaji na tsaye a kan kujera yana neman sabis don ya tambayi ɗansa inda ake dannawa.

Kusa da shi akwai mai nacin zaki. A nuna masa gwanki, ya taɓe baki. A nuna masa mazo, ya ce akuya ce. "Malam direba, wai ina zakin?" Zakunan Yankari 'yan kaɗan suka rage, kuma ba su yi alkawari da kowa ba.

Hajiya ta ga giwa, ta ɗauki hoto sittin. A kowanne mayafinta ya fito fes, giwar kuwa kunne ɗaya ta samu shiga.

Masanin tsuntsaye shi ne azabar mota. Tari laifi ne, buɗe leda laifi ne. Zai tsayar da mutum goma cikin zafin Afrilu saboda wani ɗan tsuntsu da ba wanda ya hango sai shi. Abin haushin, hotonsa ne yakan yi kyau.

Wani kuma tun da ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumin Wikki bai sake tuna daji ba. Da ya fito, gogo ya riga ya yi gaba da burodinsa da makullin ɗaki. Hoton ƙadangaren bakin ƙofa ya ɗauka ya aika wa alƙalan gasa.

Wanda na fi jin tsoro shi ne ɗan dabara, mai ƙara wa garke giwa biyu a kwamfuta. Yana da iyayen gida a manyan wurare. A babbar gasar da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, an ƙwace kambun 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya tsallake shinge a hoton horarre ne. A 2018 aka soke kyautar wani hoto daga Birazil, na dabba mai cin gara tana tunkarar suri da dare. Masana suka duba, suka ce ai wannan ta daɗe da mutuwa: busasshiyar gawa ce da aka girke don baƙi a ƙofar gandun. Mai hoton ya musanta, ya ce da ranta ya ɗauke ta.