Yadda Ake Zagaya Adar da Gida a Bayan Mota

Turawa suna da wata mota mai gado da murhu da tankin ruwa a cikinta. Mutum ya kwashi iyalinsa su yi ta yawo, yau kogon dutse, gobe gidan da ake dafa giya, su ɗanɗana su wuce. Mu ma a Tawa za mu iya irin wannan yawo, kuma abin ɗanɗanawarmu ya fi nasu albarka, in dai an kiyaye 'yan ƙa'idoji.

Kada ka tsaya neman motar Turawa. Samu tsohuwar hiyas mai lafiyar inji, ka cire kujerun baya, ka shimfiɗa katifa. Sa jarkar ruwa biyu, buta, gawayi, gidan sauro da tayar ko-ta-kwana guda biyu, don duwatsun Adar ba su san taya sabuwa ba. Takardun mota su kasance kusa da hannu. In jandarma ya tsayar da kai, fara da gaisuwa; zai leƙa ya ga katifa, ya tambaye ka ko ƙaura kake yi.

Sai dai ka sani, hiyas da babu fasinja abin mamaki ce a hanyoyinmu. Kafin ka fita gari an ɗaga maka hannu sau uku: inna da ƙullin kayanta, ɗan bida da ya dawo daga Abijan da akwati ya fi shi girma, da wani bawan Allah riƙe da akuya. Ba su gefen katifa. Kafin ka sauke su sun gaya maka inda hanya ta lalace da gidan da hurarsa ta fi daɗi, abin da wayarka ba ta sani ba. Akuya ce kawai za ka yi shawara da zuciyarka a kanta, domin tana cin katifa.

Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, an gama girbi, gero ya cika rumbu. Wanda ya kwanta cikin motar ƙarfe a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, da safe sai dai a barbaɗa masa yaji. Da damina kuma kada ka kuskura ka kwana cikin busasshiyar ƙorama don yashinta ya yi maka laushi. Ruwan da aka yi a kan tudu da dare yana iya zuwa ya tafi da kai da gidanka.

Yi sayayya a kasuwar Tawa ranar Lahadi, ka daidaita tafiyarka ta kai ka Badagishiri ranar Alhamis, ranar kasuwarta. Daga nan ka nemi hanyar Yama. Masallacin Juma'ar garin ginin ƙasa ne. Magini Falke Barmu ya fara shi a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da siffarta, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. Cire takalmi, ɗaga kai, ka daɗe kana kallo. A ganina wanda ya zo Adar bai ga wannan gini ba, man motarsa kawai ya ƙona.

Yanzu maganar ɗanɗano, wadda ita ce uwar tafiyar. Da farko gyara bakinka: a nan hura ake cewa, ba fura ba. Kada ka nemi cokali, ludayi ne aikinsa. Kurɓar farko ka yi shiru, ka saurari geron, ka ji ko dakan ya yi laushi, ko nonon na jiya ne mai ɗan tsami. Kurɓa ta biyu ka ce “Madalla, inna, hannunki da albarka.” Abin da ba a yi shi ne ka ambaci hurar garin da ka baro ka ce ta fi, nan take za a sake dama maka wata ƙwarya don a wanke sunan gari, kuma sai ka shanye. Direba ya tsaya a rabin ƙwarya, domin hurar rana tana kawo barcin da ya fi ƙarfin rediyo.

Kama hanyar Agadas, wajen kilomita 50 daga Tawa ka iso tafkin Tabalak, ka ci soyayyen kifi a tsakiyar ƙasar da ake wa kallon fako. Gaba wajen Abalak ka sayi cuku, busasshe, mai ƙara a haƙori. In Buzaye suka zaunar da kai shayi, kofi uku ne, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Mai tashi bayan na farko ya bar zumunci a kan garwashi.

Mai son duwatsu da kwazazzabai ya nufi Keita da Buza. Kada ka zura hannu a rami, akwai masu gida. A tsaunukan Keita za ka ga jerin duwatsu na tare ruwa da itatuwa a inda dā ƙasa ta mutu. Aikin farfaɗo da ƙasa ne da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka. In ka haɗu da tsohuwa a wurin, durƙusa ka gaishe ta da kyau.

Rana na faɗuwa ka kashe mota, ba a tafiyar dare. Je ka gai da maigari, ka faɗi daga ina kake, ka nemi izinin kwana a gindin itace. Murhunka zai huta, don kafin isha'i akushin tuwo ya iso. Kafin ka ƙara gaba arewa kuma, tambayi hukuma da direbobin tasha halin da hanya take ciki, in sun ce ka tsaya, ka tsaya.

Don Allah, ledar da ka zo da ita ka koma da ita, kuma in mai hura ta faɗi kuɗinta, biya ba ciniki.