Bagobiri ya binne bashina a nahawun Italiya

Kai Bagobirin Gidan Sori, bawan Zabarmawa. An ce shekara uku ka yi kana tsinkar tumatir a gonakin Foggia, ka dawo da kwat ɗaya, da baƙin tabarau, da wani nahawu da kake firgita 'yan fada da shi.

Na aiko yaro kan jaka goman da ka ranta ranar da za ka hau motar Agadas, ka ce a gaya mini wai maganar ta shiga *passato remoto*. Ban yi fushi ba, na bincika. Ashe cikin hanyoyin Italiyanci na faɗin abin da ya wuce akwai waɗansu guda biyu. In abu yana da sauran igiya a yau, sai a ce *ho preso*, na karɓa. In ya mutu har an yi sadakar arba'in, irin na littafin tarihi da ƙagaggen labari, sai a ce *presi*, wato *passato remoto* ke nan. Mutanen Milano a takarda suka fi saninsa. Can kudu, Sisiliya da Napoli, har abin jiya suna jefawa ciki. A kudun ka zauna, shi ya sa ka iya binne bashi da ransa.

Ga *passato remoto* ɗin da taurin kai: ni *feci*, kai *facesti*, shi *fece*. Wai kai ne ka haddace wannan! Kai da *passé simple* na Faransanci ya kora daga firamare, malam na cewa *nous allâmes* kana leƙen taga.

Abin da ka haye teku ka ɗauko, ai yana gidanku. Bakano ya ce "suka tafi", ku ku ce "sunka tahi", "munka ci", "yat tashi". Da shi kakarka take jera labarin Gizo da Ƙoƙi. Sai dai naku ba ya rufe magana, janta yake yi. Duk wanda ya ji "sunka" jira yake a ce masa sai me.

To ga nawa da Gobirancinku: nib ba ka, kak karɓa, munka yi musabaha. Sauran labarin yana aljihunka. Kasuwa mai zuwa ina tafe Gidan Rumji. In babu kuɗi, ka zo da kwat ɗin a goge.