Ina Ne Ake Jinya Kyauta? Ku Matso, 'Yan Gardamar Inkil

 Na san ku sarai. Ku ne kuke cika bencin mai shayi a bakin titin Gombe, nan Inkil, kuna raba wa ƙasashen duniya maki kamar masu duba jarrabawa. Da an ambaci kuɗin asibiti sai wani ya kurɓi shayi ya ce, "Ai a ƙasashen waje jinya kyauta ce, mu ne dai Allah ya jarabta." To gyara zama, Alhaji, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ka ce Ingila. Gaskiyarka, tun 1948 suke da tsarin da likita zai duba ka, a yi maka aiki, a sallame ka, ba wanda ya tambaye ka ko sisi. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin an riga an zabtare shi daga albashi da haraji tun kana lafiyarka lau. Kai kuwa, da ka hango mai karɓar haraji ya shigo kasuwar Muda Lawal, nan take kake tuna ba ka yi azahar ba. Ga kuma layi: a 2023 jerin masu jiran a yi musu jinya a asibiti a Ingila ya haura miliyan 7. Baƙon da ya je neman kuɗi ma, tun 2024 sai ya biya fam 1,035 na kowace shekara kafin a buga masa biza. Lissafa da naira, amma ka ajiye kofin tukuna kada ka ƙware.

Na ji wani can ƙarshen benci ya ce Amurka. Sannu, Malam. Idan aka raba abin da suke kashewa kan lafiya, kowane mutum ɗaya ya haura dala 12,000 a shekara, ba ƙasar da ta kamo su. Duk da haka miliyoyinsu na fama da bashin asibiti, har akan sami wanda ya ji rauni yana roƙon kada a kira masa motar asibiti, don ita ma takardar kuɗinta na tafe.

"Ai waɗannan masu hali ne, kawo mana irinmu." Madalla. Ruwanda ba ta da man fetur, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta na da inshorar lafiya, kowa na zuba ɗan abin da aka yanka masa a shekara. Gana ta kafa tata a 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan masarufi don ciyar da ita. Nijar da kuke yi wa kallon ƙanwa, tun 2006 ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aikin fiɗar haihuwa kyauta ne, ko da yake asibitoci sun sha kukan ba a biyan su a kan kari. A 2024 kuma ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi.

Mu fa? A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Mai masaukin baƙi, wato gwamnatin tarayya, har yau ba ta cika ba. Shi ya sa fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa kan jinya a Najeriya daga aljihun mara lafiya take fita. Kun san yadda abin yake. Tsakar dare naƙuda ta tsananta, an nemo mai a-daidaita-sahu, an shigo gari, sai a miƙo wa maigida 'yar takarda: kati, gado, safar hannu, ƙarin ruwa, leda biyu ta jini. Kafin hantsi akuya ta tafi, an jinginar da gona, bayan la'asar ga ƙaninsa tsaye a masallaci da takardar likita yana neman a taimaka don Allah. Wanda ba shi da akuya ya leƙa kemis ya ce, "A haɗa mini na ɗari biyar."

Yanzu za ku ce, "Inshora? Adashin da ba ka fatan kwasarka ta zo!" Haka ne, kuma daɗinta ke nan. Shekarar da ba ka kwasa ba, ka ci ribar lafiya, kuɗinka ya ceci matar maƙwabci. Wani zai ce za a cinye kuɗin, ko a ce babu maganin, je ka saya a waje. Ban ƙaryata ka ba, ana yi. Amma wanda ya zuba shi ke da bakin tsayawa ya ce ina haƙƙina. Kai da ba ka cikin rajista, da wace takarda za ka kai ƙara?

Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, kuma jihar Bauchi na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, BASHCMA. A Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya sanar da aikin fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Na san kun taɓe baki da kuka ji. Cikinku waye ya taka ya tambayi wane asibiti ne ke cikin shirin?

Ba ƙasar da ake jinya a banza. Wasu na biya kaɗan-kaɗan suna tsaye da ƙafarsu, mu muna biya gaba ɗaya muna kwance. Ku ci gaba da gardamarku, ban hana ba, amma gobe ku wakilta mutum biyu su je ofishin hukumar su tambayo nawa ne kuɗin shiga, wane asibiti za a ba ku, da inda ake kai ƙorafi.