Sojojin Goɗiyar Alhaji

Jiya da la'asar abin ya faru. Daga lokacin zuwa yanzu na goge baki sau bakwai, na tauna kanumfari har harshena ya mutu, amma ko yawu na haɗiya sai goɗiyar Alhaji ta faɗo mini a rai.

Alhajin nan mahaifin yarinyar da nake nema ne. Yana da wata jar goɗiya mai shekara 14 da yake ji da ita, shekara uku ke nan ana kai ta barbara ba ta ɗauka. Da ya ji na gama karatun likitan dabbobi sai ya aiko in zo in duba ta. Mai neman aure kuwa ba ya cewa "ban taɓa yi ni kaɗai ba." Na aro kayan aiki wurin wani na gaba da ni, na ce a kai ta ga ingarma da hantsi, ni zan zo bayan sa'a shida. Na kuma tafi cikin farar shadda, saboda tagar ɗakin 'yan matan gidan tana kallon barga. Kada ku tambaye ni.

Matsalar farko ta harshe ce. Ta yaya za ka yi wa surukinka bayanin abin da ke faruwa a mahaifa bayan barbara, ba ka furta kalmar da za ta sa a fasa ba ka aure ba? Sai na fake da maganar soja. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, idan saƙon ingarma ya isa, mahaifa ba ta karɓarsa a matsayin ɗan gida. Sojoji take kira."

Kuma ba ƙarya na yi ba. Duk goɗiyar da aka yi wa barbara, ko lafiyarta ƙalau, sai shimfiɗar cikin mahaifarta ta kumbura. Ingarma yana zuba maniyyi ne kai tsaye cikin mahaifa, haɗe da duk dattin da ya kwaso. Kafin sa'a guda, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil sun fara fitowa daga jijiyoyi, suna ratsa shimfiɗar, suna haɗiye ƙwayoyin cuta da ragowar maniyyin da bai wuce gaba ba. Wajen sa'a shida yaƙi ya yi tsanani. Lafiyayyar goɗiya takan matse mahaifarta ta turo komai waje, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta share gida tas, domin ɗan tayi sai wajen kwana na shida yake gangarowa daga bututun ƙwai, kuma ba ya zama a ɗaki mai ƙazanta. Amma tsohuwa irin ta Alhaji, wadda mahaifarta ta saki ta rataya, ba ta da ƙarfin matsawa. Ruwa ya kwanta, ƙwayar cutar nan Streptococcus ta samu masauki, sojoji su ƙi komawa bariki. Abin da soja ke yi idan ya daɗe a gari kuwa, mu 'yan Nijeriya ba sai an ba mu labari ba.

Har Kenney da Doig na ambata, masanan da a 1986 suka kasa mahaifar goɗiya mataki huɗu, gwargwadon kumburi da tabon da ake gani idan an gutsuro 'yar tsoka an duba a madubin likita. Babu wanda ya tambaye ni. Labulen taga ne na ga ya motsa.

"Kanwa ce ba ta ishe ta ba," in ji Baba mai barga, yana ɗaure mata dabaibayi.

Shi kuwa direban Alhaji idonsa yana kan tiyon da ke hannuna. "Dokta, wannan fa?"

Na ce wankin mahaifa zan yi. Lita ɗaya ta ruwan gishiri mai ɗumi za ta shiga, ta dawo da datti, a yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau.

"Af, ashe aikinmu ne!" Kafin ya kama tuƙi, shekara tara ya yi yana bumburutu a bakin titi. Nan take ya naɗa kansa mataimakina.

Aka ɗaure wutsiya gefe, na wanke wurin, na zura safar leda har kafaɗa, na kai tiyo ta bakin mahaifa, na hura 'yar balan-balan ɗin da ke riƙe shi. Lita ɗaya ta shige sumul. Na sauke ɗaya bakin cikin bokiti. Ko ɗigo.

"Zuƙa za ka yi, Dokta. Iska ce ta shiga. Ka ja sau biyu, a na uku ka cire baki."

Na ce wa direba ilimi ba haka yake aiki ba. Na yi mata allurar oksitosin a jijiyar wuya, wadda ke sa mahaifa ta matse cikin ɗan lokaci kaɗan. Muka zuba wa bokiti ido. Shiru.

"Ko a karkata ta? Mu idan tanki ya ƙi, gefe ɗaya muke ɗaga motar."

"Malam, doki ne."

"To a jijjiga ta mana."

Sai na tsuguna, na ɗauko bakin tiyon na saita shi da fuskata, na rufe ido ɗaya kamar maharbi, wai in ga ko toshewa ya yi. Daidai nan Alhaji, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ce, "Yaro, me ka ce sunan sojojin nan ma?"

Na ce, "Nutro..."

Na kuma gyara tsuguno. Wato na ɗaga ƙafata ta dama. Ƙafar da, ashe, tun ɗazu take tsaye a kan tiyon.

Jiya da dare na kwana ina lissafi. Da ya tambaye ni tun ban tsuguna ba, da sai dai takalmi ya jiƙe. Da sunan ya fara da "m", da bakina a rufe yake. Amma duk cikin wasula biyar babu wanda ke buɗe baki daidai faɗin tiyo kamar "o", kuma a kansa nake lokacin da lita guda, da oksitosin a bayanta yana tura ta, ta samu hanya. Ɗumi na fara ji, sannan gishiri, sannan wani abu na uku da ba ni da sunansa. Launinsa irin na ruwan wankin shinkafa. A aji an koya mana cewa gurɓacewar ruwan nan alama ce ta yawan nutrofil, na kuma rubuta haka a jarrabawa na ci maki. Babu malamin da ya ce mana suna da ɗanɗano. Ido, hanci, gaban shadda, duk suka samu rabonsu. Hulata ta faɗa bokiti, kuma ita kaɗai ce abin da ya shiga bokitin nan a ranar.

Wannan duk mai sauƙi ne. Na miƙe tsaye kumatu cike, kamar mai busa algaita a ƙofar fada. Sai a tofar. To, ina? Gabana Alhaji, kuma ba a haifi Bahaushen da zai tofar da abu a gaban surukinsa ba. Hagu, Baba mai barga, sa'an kakana. Dama, taga, labule a yaye yanzu, kai uku a jere. Bayana goɗiya, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Na tsaya. Ruwa yana ɗiga daga gemuna ɗis, ɗis. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne, ni dai na ga rayuwata tun daga firamare.

Alhaji bai samu amsarsa ba. Ya ce, "Nutro me?"

Yaro mai tarbiyya ba ya barin babba yana jira. Na haɗiye.

Na ce, "Fil, Baba."

"Allah Ya yi albarka," in ji shi, ya juya da sauri ya nufi cikin gida, kafaɗunsa suna rawa.

Baba mai barga ya tsamo hulata ya matse, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ai na ga ƙafarka a kan tiyon tuntuni, Likita. Na zaci cikin karatun ne."

Direba kuwa ransa ne ya ɓaci, irin ɓacin ran gwani da ya ga an wulaƙanta sana'a. "Ka gani ko? Da kai ka zuƙa da kanka, da ka san lokacin zuwansa. Aikin nan duk a cire baki yake. Ni shekara tara, sau biyu kacal na sha." Ya dafa ni. "Ka nemi manja, ludayi ɗaya. Kuma yau kada ka matsa kusa da wuta."

Na ce masa ba fetur ba ne.

"Haka kowa yake cewa."

Yau da sassafe ƙanen yarinyar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Alhaji ya ce a tuna mini ni na ce sai ruwa ya fito garau, don haka ana jirana bayan azahar. Sannan ya miƙo mini wata 'yar kwalba a baƙar leda, wai in ji Yaya. Manja ne.