Taron Yara, Shirin Manya

Duk ranar da takardar gayyata ta iso wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Dakoro, cewa ana neman malaman yara su hallara a Maradi don taron ƙara wa juna sani, wanda ke fara jin labari shi ne tela. Na biyu mai guga, na uku kuma maƙwabcin da ke da jakar tafiya mai zik. Yaran da aka kira taron dominsu sukan samu labari ranar Lahadi, idan suka zo suka tarar babu malam. Ni ɗan wannan hidima ne, don haka ina da ikon yi mana dariya, kuma maganata ɗaya ce: muna shirya wa taron yara komai da komai, ban da yaran. Wanda zai taso daga wuri irin Bader Goula, can arewa maso gabas da Dakoro inda gonar gero ke haɗa iyaka da makiyaya, shi ya fi kowa shan wahalar wannan shiri, shi kuma ya fi kowa yin asara, domin yakan bar dukiya a gida ya tafi neman aron abin da bai kai ta ba.

Wahalar tana farawa ne daga zaɓen wanda zai tafi. Kowa ya san mai koyar da yara a ƙauye: wata baiwar Allah ce daga Zumuntar Mata, ko wani saurayi mai haƙuri, da ke tara su a gindin bishiya yayin da manya ke sujada a inuwar kwano. Ita ta san wanda zazzaɓi ya kwantar, ta san wanda ba ya zuwa saboda kiwo, ta san wanda ke ɓoye ƙosai a aljihu lokacin addu'a. Amma da zarar an karanta layin ƙarshe na takarda, inda aka ce za a biya kuɗin mota a kuma ba da abinci sau uku, sai kiran hidimar yara ya sauko wa dattawa gaba ɗaya. Dattijon da a shekara goma bai faɗa wa yaro kalmar da ta wuce “kai, tashi daga nan” ba, sai ya yi gyaran murya ya ce dama yaran nan sun daɗe suna kwana a zuciyarsa. In malamar ta ɗan motsa, sai a ce: “Mama, hanyar nan da wuya, kuma wa zai riƙe mana yaran in kin tafi?” Da wannan tambaya aka yanke hukunci, aka kuma tona asiri. An yarda ita ce gwanar aikin, saboda haka ita ce ba za ta je koyon aikin ba.

Daga nan sai shiri ya kankama kamar za a kai amarya. A sayi yadi, a kai wa tela, tela ya ce gobe in Allah ya kai mu, goben nan ta yi ta haihuwar wata gobe har daren tafiya, sannan a karɓo riga da hannu ɗaya ya ɗara ɗaya. A buɗe jakar aro a duba abin da ke ciki: rigar buɗe taro, rigar rufe taro, rigar ɗaukar hoto, takalmin da ke matse ƙafa amma yana ƙyalli, turare, cajar salula biyu da babu mai aiki a cikinsu, kilishi da dakakken gero na guzuri, da sabon littafin rubutu da ba za a wuce shafinsa na uku ba. Ka zazzage jakar har ƙasa, ba za ka samu sunan yaro ɗaya ba, balle tambayarsa. Sai kuma a yi kuskuren da kowa ke yi, a sa farar rigar buɗe taro tun daga gida, a shiga motar kasuwa da karen mota ke rantsuwa saura mutum ɗaya ta tashi tun hantsi har la'asar. Kafin a keta rairayi a kai Dakoro, an sauka an tura mota, bunsurun wani ya lasa kafaɗa, jarkar man wani ta yi nata aikin. Ga sauran tafiya sama da kilomita 100 ta Kornaka da Sabon Machi. Wakilin yara yakan isa Maradi da riga mai launin da tela bai ɗinka ba.

A wurin taro ma ba a rasa abin dariya, sai dai laifin shirinmu ne tun daga gida. Za a rataya mana kati a wuya, a raba takardu da Faransanci, ko da yake kundin mulkin da aka kafa a Nijar a 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma yaron da za a koyar bai san “bonjur” ba sai a bakin mushe. Za a nuna darasi da majigi, mu da garinmu ake bin layi wurin mai faranti na hasken rana kafin a caja salula. Za a ce kowane yaro ya zo da almakashi da gam da takarda mai launi, mu yi ta gyaɗa kai muna rubutawa, alhali almakashi ɗaya ne a unguwa kuma na wanzami ne. Ranar ƙarshe a ba mu takardar shaida da ƙunshin hotuna masu sheƙi. Takardar shaida ta hau bango, hotuna kuma su shiga akwati a sa kwaɗo, don kada yara su ɓata su. Kayan koyar da yara ke nan, an tsare su daga yara, gara ce kawai ke samun darasi.

To, wace dukiya ce nake cewa mun bari a gida? Ita ce yaron kansa. Duniyar Littafi Mai Tsarki duniyar makiyaya ce da rijiyoyi da jakuna da fari, kuma yaron Bader Goula a cikinta yake kwana yake tashi. Ɗauki hoton ɓatacciyar tunkiya da aka zana a Turai, fara ƙal, jiki duk gashi ya cukurkuɗe, ka ɗaga wa yaron da ya san uda mai gaba baƙi baya fari, ya san balami mai dogon kunne, ya san jar akuyar Maradi. Zai ƙura wa hoton ido, ya karkata kai, ya ce: “Malam, wannan wace dabba ce aka naɗe da auduga?” Amma ajiye hoton ka tambaye shi ko tunkiyar gidansu ta taɓa ɓata. Zai gaya maka yadda ake bin sawu kafin iska ta shafe, da yadda uwar ɗan rago ke kuka, da bulalar da ke jiran wanda ya koma gida lissafi bai cika ba. Darasin Luka 15 ya ƙare a bakinsa, kai naka kawai ka ce amin. Haka labarin Dawuda da Goliyat: mai horar da mu yana kwatanta majajjawa da zaren takalmi, yaron kuwa da ita yake korar tsuntsaye daga gero. Haka Yusufu da ƴan'uwansa suka jefa a rami: yaron da ke kora jaki yana jan guga daga rijiya mai zurfi ba ya buƙatar a zana masa tsoron. Sai kuma Yohanna Mai Baftisma da ke cin fara da zuma. Littafin jagora da aka rubuta don yaran ƙasashen sanyi yana sa ran yara za su yamutsa fuska. Namu tambayarsu ɗaya ce: an sa mata yaji?

Tarihi ma yana bayan wannan magana. Makarantar Lahadi da ake dangantawa da Robert Raikes, ɗan jarida a garin Gloucester na Ingila, ta fara ne a 1780 domin yaran da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako. An zaɓi Lahadi don ita kaɗai ce ranar da yaran ke da sarari, kuma matan unguwa ne suka fara koyar da su karatu a cikin gidajensu. Wato an dubi yaro aka gina makaranta a kan halinsa. Mishan ɗin SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri kusa da Maradi bayan ƴan shekaru, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sai da suka zauna suka koyi Hausa kafin maganarsu ta shiga kunne. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Baƙi sun sha wuya suka sauko zuwa harshen yaron, mu ƴan gida muna shan wuya mu hau mota mu nisance shi. Mu kuma dubi maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar nan. Makarantar allo ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki da allon itace, da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Babu abin da ke jiran mota daga birni, shi ya sa babu ranar da aka tashi yara don kaya ba su iso ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce shiga ta kamala girmama taro ce, kuma wakilin ƙauye bai kamata ya je a raina shi ba. Gaskiya ne, ni ma ba na son ɗan'uwana ya shiga Maradi da rigar noma. Amma riga ɗaya mai tsabta ta biya wannan bashi, sauran biyun na hoto ne, kuma kuɗinsu daga baikon ikilisiya ya fito, baikon da wani ya sayar da zakara kafin ya jefa. Za a ce kayan koyarwa na waje masana ne suka tsara su, an gwada su, kuma kyauta ake ba mu. Ban musa ba, akwai hikima a cikinsu, musamman yadda suke raba darasi daidai da shekarun yaro. Sai dai an gwada su ne a kan wasu yaran, kuma kyautar da za ta ƙare a akwati ba ta fi babu ba. A ɗauki dabarar, a bar auduga. Za a kuma ce dattijo ya fi iya wakilci, in ya dawo zai koya wa malamar abin da ya ji. Wannan ce hujjar da ta fi ba ni dariya, domin duk mun san rahoton da ake kawowa: an gaishe ku, an ci shinkafa da nama, ɗakin kwana akwai sauro. In da gaske tsoron hanya ake ji wa malamar, to Baba dattijo ya raka ta, ya riƙe jaka, ita ta riƙe alƙalami.

Akwai kuma masu cewa tunda haka ne a soke taron baki ɗaya a huta. A nan na rabu da su. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, saboda haka mai koyar da yara yana riƙe da rabin jama'a ne, ko da an ba shi gindin bishiya. Kiristoci kuma ƴan kaɗan ne a ƙasar, malamin ƙauye kan yi shekara bai ga wani mai irin aikinsa ba. Yana buƙatar wurin da zai ji yadda malamar Tessaoua ke shawo kan yaro mai kunya, yadda na Madarounfa ke koyar da waɗanda ba su iya karatu ba, yadda ake gane yaron da ake zalunta a gida, da abin da za a yi da yaran Fulani da Buzaye da Hausa ba ita ce harshen uwarsu ba. Taro yana da amfani, amma kasuwa ce, wanda ya je hannu wofi kallo kawai zai yi. Shirin gaskiya ba ya cin ko dala: a zauna da yaran, Lahadi biyu ko uku kafin tafiya, a tambaye su wane labari ne ya shige musu duhu, wace aya ce ta ƙi haddatuwa, me ke hana su zuwa da damina. A rubuta, a tafi da shi, a ɗaga hannu a tsakiyar majigi a ce: “Malam, ga abin da yaranmu suka aiko a tambaya.” Ranar da wakilai suka fara yin haka, masu shirya taro da kansu za su sake tsari.

Matsalar dai tsohuwa ce. A Markus 10 almajirai ne suka tsawata wa masu kawo yara, har ran Yesu ya ɓaci, kuma ba na shakkar sun ɗauka tsare mutuncin taro suke yi. A Yohanna 6, da jama'a wajen mutum 5,000 suka ji yunwa, manya sun tsaya lissafin kuɗin da ba su da shi, wanda ya zo taro da shiri kuwa yaro ne mai gurasa 5 da kifi 2. Saboda haka ina roƙon dattawanmu da fastocinmu, daga Bader Goula har Dakoro da kewaye: in takarda ta gaba ta iso, a fara karanta wa yara kafin tela ya ji. A tura wadda ke koyar da su, a cika jakarta da tambayoyinsu, in ta dawo a buɗe akwati a bar su su taɓa hotunan har su yage. Dattijon da kiran hidimar yara ya sauko masa kuma, ba a hana shi lada ba: ga gindin bishiya nan, ya riƙe su ranar Lahadi har ta dawo.